Gwajin Print a Zauren Kawu

Sati biyu na yi niyyar yi a Isa. Da haka na yi sallama da maigidana a Sabon Birni, na ce masa kafin gero ya fitar da kai na dawo. Ban dawo ba sai da aka gama girbi.

Jinyar Kawu ce ta kai ni, yayan mahaifiyata. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a farkon damina, ya taɓa masa hannun hagu da ƙafa. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza biyu suna aiki nesa da gida, Inna kuma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya. Makarantar 'yan mata da nake koyar da lissafi tana hutu, saboda haka ni aka tura. Kwanana goma a can hanya ta lalace, ba lalacewar ruwa ba, ta mutanen daji. Bayan haka aka ɗauke sabis ɗin waya gaba ɗaya. Maigidana ya aiko wani direba da saƙon baki cewa in zauna inda nake sai ya neme ni.

Kawun da na sani mutum ne mai surutu. Ya yi aikin buga tafireta a sakatariya har ya yi ritaya, kuma babu wanda zai zauna kusa da shi bai ji labarin ofis ba. Wanda na tarar kuwa ba ya magana. Da safe in taimaka masa ya fito zaure, ya zauna bisa kujerarsa ta katako yana fuskantar bango. In na kawo kunu ya sha. In masu dubiya sun shigo ya amsa gaisuwa da ka. Malamin asibiti ya ce harshensa lafiya lau, shi dai ne ba ya son magana.

A cikin kayana akwai wata tsohuwar kwamfuta ta hannu da maigidana ya saya wajen wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi. Maɓallanta na Faransanci ne, inda kake neman wani harafi sai ka tarar da wani. Kafin hutu an kai mu Sakkwato horo na kwana uku, mu malaman lissafi, aka saka mana wani harshen kwamfuta da ake kira Python, aka ce sauran darussa kowa ya sauke da kansa. Na farko kawai na samu na sauke. Darasin bai wuce shafi biyu ba, kuma kansa a kan kalma guda yake, wato print. Kalma ce da ke cikin harshen tun asali. In ka rubuta ta, ka buɗe baka, wato alamar rubutun nan mai lanƙwasa, ka sa magana a tsakanin alamun zance, ka rufe baka, sai kwamfuta ta nuna maka maganar nan a fuskarta. Iyakar aikinta ke nan, ko kuma haka na ɗauka.

Wata maƙwabciyar Kawu tana da sola, ita ke yi mini caji. In batirin ya cika yakan ba ni kamar awa biyu. Wata hantsi, bayan na gama shara da wanke-wanke, na rasa abin yi, sai na shimfiɗa tabarma a zaure bayan kujerar Kawu na buɗe kwamfutar. Ina ta laluben haruffa ina dannawa. Can na ji muryarsa, bai ko juyo ba.

"Da yatsa biyu kike bugu."

Na tsaya. Kwana huɗu ke nan rabon da in ji ya haɗa kalmomi uku.

Na ce, "Kawu, yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Kunne gare ni. Mi kike bugawa?"

Na jawo tabarmar gefensa, na ɗora kwamfutar bisa wani ɗan benci yadda zai gani. Na rubuta print("Sannu Kawu") na danna. A ƙasa aka rubuto Sannu Kawu. Ya dubi rubutun, ya dubi bayan kwamfutar, ya dubi gefenta.

"To ina takardar?"

Na ce babu takarda, a fuska kawai take nunawa. Ya ce shi a saninsa wannan kalma ta Turanci bugawa take nufi, kuma abin da aka buga ana riƙe shi a hannu. Ya mayar da fuskarsa bango. Na zaci shi ke nan. Amma washegari, ina kawo kunu, sai ya ce in ɗauko injin nan.

A ranar ne na sake rubuta gaisuwar, sai kwamfuta ta ƙi. Jan rubutu ya fito da Turanci. Na goge na sake, ta sake ƙi. Kawu ya ce in ɗauko masa tabarau. Ya daɗe yana duban layin, sannan ya nuna da ɗan yatsan hannunsa mai lafiya.

"Kin buɗe magana ba ki rufe ba."

Gaskiyarsa. Alamar zance ta ƙarshe ce na manta. Na saka, gaisuwa ta fito. Ban taɓa mantawa da yadda ya gyara zama ba a lokacin, kamar mutumin da aka kira sunansa a taro.

Sai ya ga wani abin da bai yi masa ba. Ya ce don me na fara layi da ƙaramin harafi. Shekarunsa nawa a ofis bai taɓa fara layi da ƙaramin harafi ba. Na ce haka darasin ya nuna. Ya ce mai darasin ne bai iya rubutu ba, in gyara. Na mayar da harafin farko babba. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan kalma ba. Kawu ya karanta jan rubutun a hankali, yana motsa leɓe, don Turancinsa na ofis yana nan bai tafi ko'ina ba. Ya ce in sake. Na sake, amsa ɗaya. Sai ya ce, "To. Gidanta na, dokarta ta. Mayar mata da ƙaramin."

Daga nan muka shiga abin da na fahimci daga baya cewa shi ake kira gwaji. Ba ni da darasi na biyu, ba ni da wanda za ni tambaya, babu sabis balle in bincika. Abin da ke gabanmu kalma ɗaya ce, sai muka yi ta juya ta muna ganin abin da za ta yi. Ni da farko bugawa kawai nake yi in danna in gani. Kawu ya hana ni. Ya sa na ɗauko littafin rubutu na raba shafi biyu. A hagu in rubuta abin da nake zaton zai fito, tun kafin in danna. A dama in rubuta abin da ya fito.

Na ce, "Kawu, ai ɓata lokaci ne. Ga shi nan za mu gani."

Ya ce, "In ba ki rubuta zatonki ba, duk abin da ya hito za ki ce dama shi kike jira. Na san halin mai bugu. Ni ma shi na."

Haka muka yi. Na sa biyu a tara da uku a cikin baka ba tare da alamar zance ba. Kawu ya ce zai fito yadda na rubuta shi, ni na ce biyar za ta fito. Biyar ta fito. Na sake sa shi a tsakanin alamun zance, sai ya fito yadda yake, biyu da alamar tarawa da uku. Wannan ya burge shi ƙwarai. Ya ce ashe ma'aikata biyu ne a cikin injin. In ka ba ta magana a rufe, mai tafireta ce, ta kwafa ba ta tambaya. In ka ba ta a buɗe, akawu ce, sai ta yi aiki a kai. Har yau da wannan misali nake fara koya wa ɗalibaina, kuma ban samu wanda ya fi shi ba.

Muka sa gero da dawa, kowanne cikin alamunsa, da waƙafi a tsakani. Mu duka mun zaci za su fito a manne. Suka fito da ɗan fili a tsakaninsu, wanda babu wanda ya sa shi. Muka bar bakan wayam babu komai a ciki. Na rubuta a hagu cewa za ta yi faɗa. Ba ta yi ba, layi ɗaya ta tsallake fari fat. Kawu ya ce wannan ya san shi, shi ne ka tura hannun tafireta ba ka buga komai ba.

Darasin ya ce ana iya amfani da alamar zance mai ƙwaya ɗaya maimakon mai biyu. Muka gwada da kalmomi da yawa, lafiya lau. Sai Kawu ya ce in sa sana'a. Ta ƙi. Ya ce in sa 'ya'ya. Ta ƙi. Mun kai har batirin ya mutu ba mu gano dalili ba. Da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji yana kirana daga zaure, abin da bai taɓa yi ba tun zuwana. Na taho da gari a hannu.

Ya ce, "Ɗigon nan na sama da ke cikin sana'a. Shi da alamar rufe magana kamarsu ɗaya. Tana isa gare shi sai ta zaci kin gama."

Washegari muka sa kalmar tsakanin alamu masu ƙwaya biyu, ta fito daidai. Ya sa na rubuta a littafin, da babban rubutu, cewa mai buga Hausa ya riƙe mai ƙwaya biyu.

A cikin sati na uku ko na huɗu ya tambaye ni ko injin bai zo da littafinsa ba. Ya ce tafiretarsa ta zo da nata, yana cikin aljihun tebur har ya bar aiki. Sai na tuna a wurin horo wani malami ya ce harshen yana da bayanin kansa a ciki, in ka tambaye shi. Na laluba har na samu. Bayanin print bai fi layi goma ba. A ciki muka ga cewa filin nan da ke shiga tsakanin kalmomi ana iya canja shi, da wani abu mai suna sep, kuma saukowar da take yi zuwa sabon layi bayan ta gama ana iya canja ta da wani mai suna end. Kwana biyu muka yi a kansu. Muka sa waƙafi a tsakani, muka sa ɗan layi, muka sa kalmar "da", sai ga gero da dawa da maiwa sun jeru kamar mutum ne ya faɗa. Muka hana ta sauka layi, sai duk maganganun suka bi juna a layi guda har suka kai bango. Kawu ya yi dariya ranar, dariyar da ta karkace gefe ɗaya saboda ciwon, ya ce da ya yi wa shugabansa haka da an kore shi.

A lokacin ne kuma ya fara cewa in ba shi ya taɓa. Hannun dama kawai yake iya sawa, kuma haruffan ba sa inda ya saba. Ya yi ta tsaki yana cewa Faransawa sun rikita gida. Amma yatsun nan huɗu da babban yatsa sun fi hannuwana biyu sauri. Bayan 'yan kwanaki na ga yana ɗauko hannun hagun da na dama yana ɗora shi a kan maɓallan. Ba ya iya dannawa da shi. Yana dai ajiye shi a inda ya kamata ya zauna. 

Wata safiya ya ce, "Sa mata ƙasa."

Na buga kasa.

Ya ce, "Wannan kasawa ta. Ƙasa nac ce, wadda ake nomawa."

Na ce ai babu haruffa masu ƙugiya a maɓallan. Ya ce a tafireta ma babu. Shi in ya gama buga takardar Hausa, sai ya zare ta, ya ɗauki alƙalami mai baƙar tawada ya bi layi-layi yana sa wa kowane harafin k da d da b da ya kamata ƙugiyarsa. Ya ce akwai masu bugu da ba su damu ba, amma shi bai taɓa sakin takarda babu ƙugiya ba. Daga nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk da yawan labaransa. Yana sabon ma'aikaci aka ba shi takardar kiran wasu manoma da makiyaya da suka samu saɓani kan burtali, ana so su zo fada a sasanta su. Ya buga daidai. Wajen bin ƙugiya hannunsa ya zarce, ya sa wa fada ƙugiya, takarda ta tafi tana cewa ranar kaza kowa da kowa ya zo faɗa. Allah ya sa malamin makarantar da ya karanta wa mutanen ƙauyen mai hankali ne, ya karanta musu abin da ake nufi, sannan ya hau keke ya kawo takardar ofis. Shugabansu bai yi masa faɗa ba. Ya dai sa shi ya tsaya gaban sauran ma'aikata ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi.

Ya ce, "Tun ran nan ban sake karanta abin da nike zaton na buga ba. Abin da ke bisa takarda nike karantawa."

Na tuna akwai wata tsohuwar takardar jarrabawar Hausa da abokiyar aikina ta ajiye a kwamfutar. Na buɗe ta na tsinto haruffan ɗaya bayan ɗaya, na kwafe su wuri guda. Muka sa ƙasa, da ƙugiyarta. A hagu Kawu ya sa na rubuta cewa ba za ta iya ba, don ba don mu aka ƙera ta ba. Na danna. Ƙasa ta fito da ƙugiyarta tsaf. Muka sa ɗaki, muka sa ɓera. Duk suka fito. Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce in rubuta a dama cewa ya yi kuskure.

Bayan kwana biyu ya faɗa mini abin da yake so. Gonakin gidansu suna wajen Turba, waɗanda kakana ya bari. Damina biyu ke nan babu wanda ya iya zuwa ya noma su. Maƙwabtan gonakin sun watse, wasu suna Isa, wasu sun tsallaka Nijar, tsofaffin da suka san iyakoki suna ta rasuwa. Ya ce ranar da za a koma, ciyawa ta cinye kunya, kuma yaran da za su koma ba su san inda tasu ta tsaya ba. Shi kaɗai ya rage da ya zagaya su da ƙafa tare da mahaifinsa. Yana so a rubuta.

Gaskiya akwai hanyar da ta fi sauƙi. Da na buɗe wurin rubutu na yau da kullum na buga abin da ya faɗa, an gama. Na san haka, ina jin shi ma ya sani. Babu wanda ya faɗa a cikinmu. Kowane layi da ya faɗa sai in sa shi cikin print, in danna, ya karanta abin da ya fito, ya ce a wuce ko a gyara. Yana faɗa idonsa a rufe. Daga tsamiyar bakin hanya a yi gabas har ɗorawa mai rassa biyu. Daga ɗorawa a bi ƙorama zuwa ƙiryar da tsawa ta taɓa. Daga nan a yi arewa taki kaza har ɓaure. Wata gonar iyakarta suri ne, wata tsohuwar rijiya da ta rufta. Wani lokaci ya tsaya a tsakiyar layi ya ba ni labarin wanda ya shuka itacen, ko shekarar da aka yi gyaɗa a wurin har aka rasa buhu. Ni da aka haifa a gari ban taɓa taka gonakin nan ba, amma kafin mu gama ina iya zana su.

Gonaki biyar ne, mun yi kwana tara a kansu. Da muka gama ya ce yanzu kam yana son takarda. Akwai wani shago kusa da kasuwa mai injin buga takardu da janareta, amma sai an kai masa rubutun a fayil. Bayanin da muka karanta ya nuna print tana iya zuba magana cikin fayil maimakon fuska. Na gwada da gero da dawa, suka shiga. Na gwada da gonakin Kawu, ana isa ɗorawa sai jan rubutu ya cika fuska. Harafin da ta nuna mana lafiya lau ta ƙi ta ajiye shi.

Wannan ya ba ni wahala fiye da duk abin da ya gabata. Kwana uku ina fama. A rana ta biyu na ce wa Kawu mu cire ƙugiyoyin kawai, in an buga sai in bi da alƙalami in sa, yadda yake yi a da.

Ya ce, "A'a. Ta nuna muna ta iya. Abin da ba mu sani ba shi na yadda ake roƙonta."

Ya sa na karanta masa jan rubutun kalma-kalma. Akwai kalma ɗaya da take ta dawowa, wadda ta shafi tsarin da ake ajiye haruffa. Ya ce in tuna inda na taɓa ganinta. Sai a rana ta uku, ina ajiye wani rubutu daban, na hango ta a ƙasan akwatin ajiya, da jerin sunaye huɗu a gefenta. Muka kwafe sunayen a littafi. Muka gwada na farko, bai yi ba. Na biyu kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Kawu ya ce in ci gaba, kada in tsallake ko ɗaya. Na ƙarshe a jerin, mai suna utf-8, shi ne ya yi. Babu jan rubutu. Na buɗe fayil ɗin, na ga ɗorawa da ƙorama da ɓaure kowanne da ƙugiyarsa.

Ranar kasuwa na kai aka buga kofi huɗu. Da na dawo na miƙa masa, ya karɓa ya ɗora a cinya, ya danne gefen takardar da hannun hagu. Ya bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa, shafi biyu, bai ɗago ba. Da ya gama ya ce in ba shi alƙalami. Na zaci ya ga kuskure. Hannu ya sa a ƙasa, ya rubuta kwanan wata, sannan ya ce in sa nawa a matsayin wadda ta buga.

Na ce, "Kawu, ai tare muka yi."

Ya ce, "Mai bugu shi ka sa hannu a hagu. Haka tsarin yake. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Ana cikin girbi ƙaramin ɗansa ya samu hanya ya iso, ya ce zai zauna da shi. A lokacin Kawu yana takawa da sanda har masallacin unguwa, kuma masu dubiya sun fara gudun zaurensa saboda ba ya barin kowa ya tashi da wuri. Da aka gama girbi maigidana ya aiko cewa motoci sun fara bi in an yi ayari. Na haɗa kayana. Kawu ya riƙe kofi ɗaya, ya ba ɗansa ɗaya, ya ce a ajiye wa babban ɗaya, na huɗun in kai wa Inna. Littafin gwajinmu kuwa ya ce nawa ne.

Na isa Sabon Birni lafiya. Kwana biyu da dawowata na je gidan Inna da takardar. Ba ta karatun boko, sai ta sa na zauna na karanta mata. Tana jin gona ta farko da ta biyu tana gyaɗa kai. Ina cikin ta uku ta ɗaga hannu.

"Sake karanta wurin nan."

Na sake.

Ta ce, "Ɓauren ba arewa yake ba. Yamma yake. Ni nika kai musu fura gindinshi, na san inda rana ke bugun mutum."

Na ce Kawu ya ce arewa, kuma sau biyu ya karanta layin. Ta ce ya karanta sau goma ma, yamma yake.

Da aka dawo da sabis, kiran farko da Inna ta sa aka yi mata na yayanta ne. Ina zaune a wurin. Ko gaisuwa ba su gama ba ta ɗauko maganar ɓaure. Ina jin muryarsa ta cikin waya yana cewa ita yarinya ce a lokacin, ba ta san gabas da yamma ba. Ta ce shi kuma ya tafi makaranta ya bar su da noma. Daga ɓaure suka koma kan rijiyar, daga rijiya suka koma kan wata akuyar mahaifiyarsu da ta taɓa faɗawa ciki. Sun fi awa suna magana. Ban taɓa jin sun yi hira mai tsawon haka ba, don tun ina yarinya gaisuwa ce kawai tsakaninsu da tambayar lafiyar yara. Inna tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

A ƙarshe Kawu ya ce a ba ni wayar. Ya ce kada in canja layinsa, amma in ƙara wani a ƙarƙashinsa, in rubuta cewa ƙanwarsa ta ce yamma, kuma ranar da aka samu zuwa a duba. Na ƙara, na buga sabbin kofi, na aika masa da nasa ta hannun direba.

Na sauke sauran darussan daga baya, na kuma yi nisa a harshen fiye da yadda na zata, har makaranta ta ba ni aji na koyar da shi. Sau da yawa in ɗaliba ta gode mini, Kawu nake tunawa, da maƙwabciyar nan da ta yi wata uku tana ba ni wutar solarta ba ta taɓa nuna gajiya ba. Har yanzu ba a samu komawa gonakin ba. Kawu da Inna suna waya duk Juma'a bayan an sauko, kuma kowannensu yana nan kan bakansa.